Allurar Gejin da Ta Ƙi Sauka

Ni dai kowa a unguwarmu, nan bayan Kusugu, ya san ina da ƙyanƙyami, kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Kofin da wani ya sha ruwa da shi sai na wanke da sabulu kafin in kai bakina, ko da 'yar cikina ce ta sha. Matan unguwa har tsokanata suke yi, wai Kubura in an haifi jariri ma sai ta tambaya ko an wanke shi kafin ta karɓa. Su yi ta yi. Wannan halin ne dai ya sa suke sayen zoɓona ido rufe, har su ba 'ya'yansu.

Kuma zoɓona ba irin na leda ba ne da ake talla a tasha. Mai gas ne, irin wanda ke cizon harshe kamar lemon kwalba. Ƙanena Hafizu, da ke aikin otal a Kano, shi ya kawo mini kayan: tankin ƙarfe mai murfi da ake zuba zoɓon a ciki, da tukunyar gas ɗin lemo, ba irin ta girki ba, da tiyo biyu, ɗaya yana shigar da gas, ɗaya yana fitar da zoɓo zuwa famfo. Sai geji a kan tukunyar, mai fuska irin ta agogo da allura guda. Allurar nan ita ke gaya mini yawan iskar da ke cikin tanki. In iskar ta yi kaɗan, zoɓo ya fito lami kamar na kowa. In ta yi yawa, kumfa ce zalla za ta yi ta feshi, ko tiyo ya fice ya wanke mutum da ja tun daga ɗankwali har zane.

Ranar da zan ba ku labarinta jajibirin walimar autata Fadila ce, ta sauke Alƙur'ani. Yarinyar nan ba wanda ba ta gaya wa ba, daga 'yan ajinsu har malamansu na Islamiyya, cewa zoɓon mamarta mai gas za a sha. Dangi na Baure ma an aika musu. Na dafa zoɓo mai kyau da citta da kanumfari da ɓawon abarba, na cika tanki, na saka shi a firiza a ɗakin zaure inda kayan suke zama. Abu ɗaya nake so a duniya ranar: mutanen nan su sha abin da zan iya ɗaga kai in ce ni na yi shi.

Da hantsi na leƙa in duba geji, sai na ga allura ta tsaya a tsakiya ƙiƙam. Na murɗa makunnin gas na ƙara, ba ta motsa ba. Na rage, tana nan. Na ɗan ƙwanƙwasa gilashin da farce, ko gezau. Na tara kofi na buɗe famfo, zoɓon ya fito da ƙarfi, rabi kumfa, na kurɓa na ji lafiya lau. Amma ba zan yi walima da makauniyar allura ba, in je in kunyata a gaban baƙi.

Ka'ida, Yaya Audi zan aika a kira. Yayan maigidana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya daɗe yana facin taya a bakin hanyar Baure, sai ciwon baya ya sa ya bari. Tun ranar da ya ga kayan zoɓona ya ɗauke su tamkar nasa, wai duk abin da ke da iska da bawul aikinsa ne. Yakan zo da safe ya yi sallama daga waje, ya ce zai duba injin. Ni kuwa ina jin muryarsa nake gaishe shi daga bayan labule in koma cikin gida. Yayan miji ne, ba zan tsaya masa a ka ina kallon hannunsa ba. Shi ya sa ban taɓa ganin yadda yake dubawar ba, illa dai in ya tafi in tarar komai yana aiki, in yi ta sa masa albarka.

To ranar ya tafi ta'aziyya garin Babban Mutum, sai bayan azahar zai dawo. Na kasa jira, na kira Hafizu ta bidiyo, na jingine wayar da bango.

"Yaya Kubura, kar ki tayar da hankalinki," in ji shi. "Fara rufe tukunyar gas ɗin gaba ɗaya. Kin rufe? To ja ɗan zoben nan na kan murfin tanki, iskar ta fita."

Na ja, iska ta yi ta huci har ta ƙare.

"Yanzu duba allurar. Ta sauka ƙasa?"

"Tana nan inda take, kamar an kafa ta da ƙusa."

"To ba iskar ba ce, gejin ne. Ko ya lalace, ko wani abu ya toshe masa hanya. Amma bari mu tabbatar babu inda yake yoyo."

Ya sa na kaɗa ruwan sabulu, na buɗe gas kaɗan, na bi duk mahaɗar tiyo ina shafawa ina duban ko zai yi ƙwai-ƙwai. Babu. Na sake rufewa, na sake sakin iskar. Sai ya ce in nemo sufana in kwance gejin daga jikin tukunyar, in riƙe shi ta wuyan ƙarfen, kar in murɗa ta fuskarsa. Sufanar Yaya Audi na nan a kan taga, na naɗe ta da tsumma saboda baƙin man da ke jikinta, na kwance.

Tun kafin in juyo da shi wari ya fara gaishe ni. Wani irin tsami-tsami mai ɗumi, ba na zoɓo ba. Na duba gindin gejin, inda ɗan ramin da iska ke shiga yake, sai na ga ya cushe da wani abu ja-ja, ya bushe a baki-baki, tsakiyarsa da danshi.

"Nuna mini," in ji Hafizu. Na kara shi a wayar. "Wataƙila zoɓo ne ya biyo tiyo ya koma baya. Yakan faru in an cika tanki da yawa. Sikarin ne ke daskarewa."

"Hafizu, ni nake dafa zoɓon nan. Na san kalarsa in ya bushe, baƙi-baƙi yake yi, yana danƙo. Wannan ja ne irin na jan ƙasa."

Na karyo tsinken tsintsiya mai tsabta na soka a ramin, na ƙwaƙulo. Ya fito ɓarɓashi-ɓarɓashi, da 'yan zare-zare a jiki. Na shafa a farar takarda, na kai kusa da hancina, abin da har gobe nake da-na-sanin yi. Na san warin nan. Duk wanda ya taɓa zama kusa da tsoho mai cin goro yana magana ya san shi.

"Innalillahi," na ce. "Goro ne."

"Goro kuma? Me zai kai goro cikin geji?"

"Taunanne, Hafizu. Wanda aka tauna."

Can sai na ga ya kawar da kai daga wayar, kafaɗunsa suna rawa. Dariya yake yi, ɗan banzan yaro, ni ina tsaye tsigar jikina tana tashi. Na kashe wayar.

Da ma na tsaya a nan. Amma mai ƙyanƙyami ba ya iya barin abu, sai ya bi shi har ƙarshe ya ga iyakar abin da zai tayar masa da zuciya. Na zare tiyon gas na duba bakinsa: ga shatin haƙora nan, ya yi ja. Na zare na zoɓo, wanda ke zuwa famfo, shi ma haka, har ya fi. Na fito tsakar gida na ɗaga shi saitin rana, sai ga ɗigo-ɗigon ja a manne a cikinsa tun daga wannan baki har wancan. Na koma na buɗe murfin tanki na haska da fitilar waya. 'Yan ɓarɓashi suna yawo a saman kumfa. Kullum ina ganinsu, kullum ina cewa citta ce ta tsallake rariya.

Sai na tuna kofin da na kurɓa ɗazu. Ban kai banɗaki ba, a bakin makwarara na durƙusa na mayar da kunun safe duka. Na wanke baki da sabulu, na kuskure da ruwan gishiri, na sake kuskurewa, amma ina jin abin a maƙogwarona.

A haka maigidana, Malam Sabiru, ya shigo da buhun shinkafar walima ya same ni. Na ja shi zaure na nuna masa takardar da tiyon, na gaya masa komai. Ya duba, ya sosa ƙeya, ya ce, "Ikon Allah. Yaya ke nan."

"Abin da za ka ce ke nan?"

"To me zan ce, Kubura? Ki samu kyalle mai kyau ki tace shi. Zoɓo ja, goro ja, wa zai gani?"

Wallahi na daɗe ina kallon mutumin nan, ina tunanin a kwano ɗaya muke ci.

"Ni na gani," na ce. "Malaman 'yarka za ka ba yawun yayanka su sha?"

"Rage murya mana! Ai ba da gangan ya yi ba, taimako yake yi."

"To ka gaya masa ya daina taimakon."

"Ni? In dubi idon Yaya in ce masa bakinsa ƙazanta ne? Mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar Baba? Haba, Kubura. Ke dai ki san dabarar da za ki yi."

Ya sa kai ya fita, wai zai je ya ji maganar rumfa da kujeru. Na ja tsaki har sai da haƙorina ya amsa.

Ina tsugune ina tattara tiyon, ban ji sallama da wuri ba, sai ga Yaya Audi a ƙofar zaure, da ƙurar mota a hularsa, kumatunsa ɗaya a cike. Babu hanyar gudu. Na ja mayafi na rufe kai, na durƙusa.

"Sannu da dawowa, Yaya. Ya masu haƙuri?"

"Da godiya, da godiya. A'a! Wa ya kwance geji?"

"Allurar ce ta maƙale, Yaya."

"Shi ne ba a jira ni ba? Ai wannan ƙaramin abu ne. Miƙo shi nan, uwar Fadila, yau ki ga aiki da idonki."

Kafin in san abin da zan ce ya ɗauke shi daga kan tabarma. Ya tura goron da ke bakinsa gefe da harshe, ya kafa leɓɓansa a gindin gejin, ya zuƙa da ƙarfi har kumatunsa suka lotsa. Na ji wani ɗan sauti, fut. Ya juya ya tofar a gindin bango, ja jawur. Ya sake kafa baki ya hura, ya zuƙa, sannan ya juyo mini da fuskar gejin yana murmushi, haƙoran nan kamar an shafa musu manja.

Allura ta sauka ƙasa, ta kwanta daidai inda ya kamata.

"Kin gani? Datti ne kawai. Ban san inda yake samo dattin nan ba, kwanan nan ma na busa shi."

Na ce, "Ikon Allah," don in na buɗe baki fiye da haka ba magana ce za ta fito ba.

Ya zauna ya ɗaura gejin da sufana, ya mayar da tiyo, ya buɗe gas. Allura ta tashi sumul. Sai ya dangwali yawu da ɗan yatsa ya shafa a mahaɗar farko, ya kara ido yana kallo. Ya sake dangwala ya shafa a ta biyu, har bakin murfin tanki.

"Haka muke gane yoyo a wurin faci," in ji shi. "In akwai, za ki ga yana ƙwai. Yaran yanzu sai su ce sai ruwan sabulu, ɓata lokaci. Shi kuma wannan tiyon na famfo, in kin ga zoɓo yana fita a hankali, tukar zoɓo ce ta toshe shi daga ƙasa. Sai in saki iskar, in cire kan famfon, in busa da ƙarfi har sai na ji yana ɓul-ɓul a cikin tanki. Shi ke nan ya buɗe. Ba na son in dame ki da ƙananan abubuwa, shi ya sa ban taɓa faɗa ba."

Ɓul-ɓul a cikin tanki. Na tuna duk matan da suka zo da jarkokinsu, da masu jego da aka saya wa, da ni kaina da nake ɗanɗana kowane dahuwa kafin in sayar. Ga shi kuma dattijo yana kallona da fara'a, yana jiran abin da ake ce wa wanda ya yi aiki.

"Sannu, Yaya," na ce. "An gode. Allah Ya ƙara girma."

"Ba komai, ai yi wa kai ne. Gobe da sassafe zan zo in ƙara dubawa kafin baƙi su iso."

Aka kira la'asar ya tafi masallaci. Ko ƙarar takalminsa ba ta gama ɓacewa ba na rufe gas, na saki iska, na jawo tankin nan da ƙyar har bakin makwarara na tuntsurar da shi. Zoɓo ya bi rariya ya fita waje, ja har bakin titi, da cittata da kanumfarina da sikarina. Maƙwabciyata ta leƙo ta katanga tana tambayar ko rago muka yanka. Na ce mata wankin tanki nake yi.

Na hura wuta na tafasa ruwa a babbar tukunya. Tanki, murfi, famfo, robar bakin murfi, duk sai da suka sha tafasasshen ruwa da sabulu, na ɗauraye na sake. Tiyon kuwa ban ma tsaya wanke su ba, na yanka su gunduwa-gunduwa na jefa a shara, na sa hijabi na je wurin masu kayan famfo na sayo sababbi. Geji ba ya shiga ruwa, sai na sake kiran Hafizu, ya gama ba ni haƙurin dariyarsa, ya ce in goge wuyansa da ɗan ramin da auduga da sifirit irin na asibiti. Na goge har audugar ta daina canza kala, na kuma ci gaba da gogewa.

Sannan na ɗora sabon zoɓo. Hafizu ya ce tunda lokaci ya ƙure, in ya huce in sa masa ƙanƙara ya yi sanyi sosai, in buɗe gas, in kwantar da tankin ina mirgina shi a hankali, amma in tabbata bakin tiyon gas yana sama, kuma kar in cika shi fal. Haka na yi ta mirgina ƙarfen nan da ƙafa har gwiwoyina suka yi tsami, idona a kan allura, tana hawa tana sauka yadda ya kamata.

Saura maganar gobe da sassafe. Malam Sabiru ya ce in san dabara, to na sani. Da ya dawo na sa shi ya kama mini, muka kinkimi firiza da tanki da tukunyar gas daga zaure muka kai su uwar ɗakina, bayan gado. Duk garin Daura babu yayan mijin da zai taka uwar ɗakin matar ƙanensa, ko da gobara ake yi sai ya tsaya ya yi tunani. Da safe na jiyo Yaya Audi a zaure yana tambayar ina injin, Malam Sabiru yana in-ina yana cewa wai saboda yara masu shige da fice ne. Ban fito ba.

Walima ta yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Fadila ta yi karatu muryarta ko rawa ba ta yi ba, na yi hawaye a cikin mayafi. Aka ci shinkafa, ni kuma ina ɗaki ina tara jug a famfo ina miƙawa ana zubawa. Zoɓo ya fito garau, yana tsalle a kofi, babu ɓarɓashi ko ɗaya. Tun jiya sai lokacin na ji numfashina ya daidaita. Na zuba wa kaina kofi guda na fito tsakar gida wurin mata.

Goggo, ƙanwar mahaifin su Malam Sabiru, tana zaune a kan darduma a tsakiyar dangin Baure. Tsohuwar nan ba ta taɓa fashin aiko a saya mata zoɓona ba, ita ce ma ke yi mini talla a gidajen biki. Ta kurɓa, ta juya shi a baki, ta tsuke fuska, ta sake kurɓa.

"Kubura, zo nan."

Na je na durƙusa. "Ga ni, Goggo."

"Wannan ba shi ne zoɓonki ba."

"Shi ne, Goggo. Jiya na dafa shi."

"A'a. Naki yana da wani ɗan ɗaci-ɗaci a ƙarshe, nan can ƙasan maƙogwaro, mai sa mutum ya ji ya wartsake. Shi nake gaya wa mutanen nan tun a mota. Wannan kam zaƙi ne kawai da gas. Me kika rage?"

"Wallahi kuwa," in ji wata daga gefe. "Ni ma na ji ya canza. Na da ya fi kama baki."

Sai suka ɗauka gaba ɗaya, wannan ta ce ko citta ce ba ta ji ba, waccan ta ce ko hannun Kubura ya fara sanyi ne tunda ta yi suna. Wataƙila saurin da na yi ne ya sa, zoɓon bai kwana biyu ya tsumu ba. Wataƙila. Na yi ta faɗa wa kaina haka ina durƙushe, amma harshena ya riga ya tuno ɗacin da suke nufi, don ni ma na san shi, na kuma sha yaba wa kaina a kansa.

Daga zaure muryar Yaya Audi ta taso, yana yi wa maza bayani da ƙarfi yadda kowa zai ji: "Ai dole ya canza! Yau ban sa masa hannu ba."

Goggo ta dafa kafaɗata. "Kin ji ko? Ki mayar da injin nan inda yake, 'yar nan. Duk abin da kuke sakawa da, a ci gaba da saka shi."

"To, Goggo," na ce.

Na koma ɗaki da kofina a cike, na ajiye shi a kan firiza. Har baƙi suka watse yana nan, gas ɗinsa ya fice, ban iya kai shi bakina ba.